Ki ce mata ba ni nan

Jiya bayan la'asar wata maƙwabciyata a Rafin Daɗi ta yi sallama. Na san abin da ke tafe da ita, so take ta ji ko maganar auren ƙanwata ta tabbata, mu kuma ba mu shirya fitar da zancen ba. Sai na jawo ɗiyata na ce ta je ta ce mata ba ni nan. Yarinya 'yar shekara 7 ta tsaya tana kallona, ta ce, "Mama, ai kina nan." Wallahi da maganar nan na kwana.

'Yan uwa, mun yi wa ƙarya sabon suna, wai rufin asiri. Mace na da juna biyu, a tambaye ta, ta rantse ƙiba ce. Maigida ya sayi fili a bayan Ƙofar Ƙaura, ya ce na wani aboki ne aka ba shi amana. Ana shirin Umra, a ce Kano za a je duba mara lafiya. Duk wai tsoron baki da hassada.

Ni ban ce a tallata sirri ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma Annabi Yakubu da kansa ya hana Annabi Yusuf gaya wa 'yan uwansa mafarkinsa. Amma shiru ya ce mashi ya yi, bai ce ya ƙago wani mafarkin ba. Aya ta 28 a Suratun Nur ta ce in aka ce maku ku koma, to ku koma. Ashe Allah ya ba ni damar in ce, "Yaya, ki yi haƙuri, yau ba ni da sukuni, zan leƙo ki." Na bar abin da aka halatta mani saboda kara, na ɗauko haram, har na ɗora wa yarinya ta kai mani.

Ranar hijira da aka tambayi Sayyidina Abubakar wane ne tare da shi, cewa ya yi mutum ne mai nuna mashi hanya. Ana farautar ran Manzon Allah (SAW) a lokacin, amma bai furta abin da ba gaskiya ba. Mu fa, kuɗin atamfa kawai aka tambaye mu!

Ku ma masu bin diddigi, ku ji tsoron Allah. Albashin mijin wata ina ruwanki da shi? Ku ke matsa wa mutane har su zame.

Da safen nan na shiga gidan baiwar Allah na nemi gafararta, na ce mata ina ciki jiya. Wadda ta fi yi mani nauyi ita ce ɗiyata, don ban san da wane baki zan hana ta ƙarya gobe ba. Don Allah iyaye mata, ku daina aiken yara ƙofar gida da irin wannan saƙo. Don Allah ku daina.