Kwanan ƙarƙashin gada a Legas, kwanan kango a Gusau

Shekara tara ke nan ina Legas, amma wallahi har yau in na biyo ta Oshodi ko Obalende da asuba na ga mutane jere ƙarƙashin gada kowa bisa kwalinshi, sai jikina ya yi sanyi. Da farko nima cewa nike ƴan shaye-shaye ne, sai da na zauna da wasu muka sha shayi na gane da yawansu aikinsu suke, ƴan dako ne, masu wankin takalmi, masu tura baro a kasuwar Mile 12, kuɗin ɗaki ne kawai ya fi ƙarfinsu. Nan mai gida kuɗin shekara guda yake so a dunƙule, wani ma biyu, ga na ejan ga na lauya, to mai samun na tuwo yau da gobe ina zai tara wannan? Kuma da aka hana acaba a wasu sassan garin a 2022 yaranmu da yawa suka rasa abin yi, an kwashe babura, wanda da yake haɗa kuɗi da abokai su kama ɗaki ɗaya su shida sai ya koma kwana bakin shago.

Ni kuwa ina ta cika baki wai mu a Zamfara ba a kwana waje, akwai zaure akwai masallaci, baƙo ko ba a san ubanshi ba za a shimfiɗa mishi tabarma a kawo mishi fura.

Da na je gida sallar bara na daina wannan maganar. Gusau cike take da mutanen ƙauyukan Maru da Tsafe da Zurmi da ƴan bindiga suka koro, mata da ƙananan yara cikin kangayen da ba ƙofa ba taga, da rana su fita bara. Waɗannan fa suna da gida, da rumbu da gona da shanu, dare ɗaya aka raba su da komai. Gidan kawuna kaɗai iyali uku ke zaune a zaure da ɗakin samari, da na ce Kawu ina za a sa wasu in sun zo, ya ce min ɗana ai ka gani da idonka, ko ɗakin ajiyar hatsi mutane ne a ciki.