In za a hana mu magani, a rubuta a takarda

Jama'a, ni abin da ke damuna da inshorar lafiya a gida Najeriya ba hana magani ba ne kawai, nan Amurka ma ana hanawa, wallahi sun ma fi mu iyawa. Amma su a rubuce suke hana ka, da dalili da kwanan wata, mu kuwa da baki ne, "babu shi, a je a saya a waje", shikenan, to wa za ka kai wa ƙara, da wace shaida?

Goggona da ke zaune wurinmu aka yi mata gwajin DEXA na auna ƙarfin ƙashi, makinta ya yi ƙasa da -2.5, wato ƙashi ya zaizaye, abin da ke yawan samun mata bayan sun daina al'ada. Likita ya rubuta allurar Prolia da ake yi duk wata 6, kamfanin inshora suka ce a'a sai ta fara shan alendronate tukunna don ya fi araha. Shi ko alendronate da sassafe ake sha ba a ci komai ba, kuma ba kwanciya sai an yi minti 30, yana ƙona hanyar abinci, ita kuma ƙwannafi ya daɗe yana wahalar da ita, nan muka samu madafa. Dokar lafiya ta 2010 da ake ce wa Obamacare ta ba mutum kwana 180 ya ɗaukaka ƙara, dole kamfani ya amsa cikin kwana 30 in ba a riga an yi maganin ba, awa 72 in na gaggawa ne, in suka sake ƙi sai a kai wa masu bita masu zaman kansu kuma hukuncinsu dole kamfanin ya bi. Likita ya rubuto wasiƙa muka haɗa da sakamakon gwajin, suka amince.

Akwai wahala fa, dattijon da ba shi da mai tsaya masa haƙura yake yi, abin na min ciwo. Amma dai akwai hanyar bi.

A gida dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshora, Gombe ga GoHealth, inshorar lafiya ta jiha, Alhamdulillahi an samu ci gaba. Sai dai har yau tsohuwa za ta zame a banɗaki ƙugu ya karye, a kai ta wajen mai ɗori, a ce tsufa ne, ba mai tambayar me ya sa 'yar faɗuwa ta karya ƙashi, balle a kai ga rigimar wa zai biya magani. Iyayenmu kuma ga kawaici, ana ce musu babu sai su ce Allah ya sa haka ne mafi alheri su tafi.

Dan Allah 'yan uwa in kun raka Hajiya asibiti aka ce inshora ba ta ɗauki wani magani ba, cikin ladabi ku ce a rubuta muku sunan maganin da dalili, ku ɗauki hoton takardar a waya, sannan ku tambayi ofishin da ake kai koke.