Mazaunin Altanetar Alhaji

Wani garaji ne a Sabon Garin Damagaram, inda samari suka turo tsohuwar Land Rover ƙirar 1968, Alhaji yana zaune a ciki riƙe da sitiyari.

ALHAJI: Malam makaniki, jibi zan kama hanyar Tanut, kuma kuɗin da nake ba masu turi kowace safiya ya kusa kai kuɗin mai.

MAKANIKI: Ranka ya daɗe, dinamon da motar nan ta zo da shi daga Ingila, wato na'urar da ke cajin batir, wutar amfa 22 kawai yake bayarwa, kuma idan injin yana silo ba ya cajin batir. Maganin shi ne a sa altaneta, na'urar caji ta zamani, a madadinsa, sai dai ramukan notinta ba su dace da tsohon mazaunin da aka ɗaure dinamon a kai ba, dole a ƙera sabo.

MAI WALDA: Wannan aikin minti goma ne. Zan liƙe shi da shasi, liƙin da ko jikokin Alhaji ba za su iya ɓamɓare shi ba.

MAKANIKI: Injin yana zaune a kan roba ne, yana rawa dabam da shasi. Idan ka kafe altaneta a shasi, ramin farko da za a faɗa bayan fita gari bel ɗin da ke juya ta zai yi tsalle, kuma da yake shi ne ke juya famfon ruwa, injin zai tafasa kafin Alhaji ya gama salati. A jikin injin ake ɗaure mazauni, da noti.

ALHAJI: To, na zo da ƙarfe don a rage kuɗi. Ƙafar gadon uwargida ce, ta yi shekara talatin tana ɗauke da mutum ba ta lanƙwashe ba.

MAKANIKI: Uwargida ba ta girgiza sau dubu uku a minti ɗaya, Alhaji. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 nake so. Zan fara yanka siffarsa a kwali, in ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin injin da na altaneta, wato fayafayan da bel ke hawa, har su zo layi ɗaya, domin idan suka karkace ko kaɗan, bel zai cinye ta gefe ɗaya. A sama kuma sai hannu mai dogon rami, wanda za a riƙa ja da shi har bel ya riƙa lotsawa kimanin santimita ɗaya idan an danna da babban yatsa.

MAI WALDA: Ni da ido nake awo, kuma ban taɓa samun ƙorafi ba.

MAKANIKI: Waɗanda ka yi wa awon suna can cikin rairayi tsakanin Tanut da Agadas, shi ya sa ƙorafin bai iso ba. Kuma kada ka kunna walda a jikin motar nan sai an cire kan batir.

ALHAJI: Nawa ne duka, tsakani da Allah?

MAKANIKI: Jaka goma sha biyar, har da farantin.

ALHAJI: Idan aka bar shi a kwalin fa, nawa zai kama?

MAKANIKI: Kwalin kyauta ne. Yanzu a miƙo mini altanetar in auna tazarar kunnuwanta da ake sa wa noti, don a kan tazarar ake zana komai.

ALHAJI: Ai ban saya ba tukuna. Ku gama mazaunin, ran Alhamis in tafi da shi kasuwar Dole in nemo altanetar da za ta shiga.