Wurin Zamanka Yana Nan

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu.

Wannan saƙo na mutumin da ya daɗe bai taka ƙofar majami'a ba ne, alhali ya san ba rashin lokaci ne ya hana shi ba. Na 'yar'uwar nan ne kuma da takan bari sai an fara waƙar farko ta lallaɓa ta zauna can baya, kafin a sa albarka ta fice, don kada ido ya haɗu da ido. Na san wannan hanya sarai, na bi ta wata 7.

Ina saurayi aka damƙa mini ajiyar kuɗin zumuntar matasa, kuɗin da muka yi ta tarawa don sayen kayan kiɗa. Lokacin kaka ne, masara ta yi araha. Zuciya ta ce mini in sayi buhuna in ajiye, in ta yi tsada in sayar, in mayar da uwar kuɗi, riba ta zama tawa, babu mai sani. Na saya, na jibge a wani ɗaki mai danshi, ban kuma lura masarar ba ta gama bushewa ba. Ranar da na kwance bakin buhu na tura hannu, gari ne ya biyo yatsuna, ƙwari suna ta yawo a bayan hannuna. Na buɗe na biyu, na buɗe na uku, duk haka. Sai na zauna a ƙasa.

Da aka ce in kawo kuɗi, na ce mako mai zuwa. Mako ya zo, na ƙaro wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ban yi nisa ba na kai ƙarshensa, sai na daina zuwa sujada gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiyarmu tela ne, shagonsa yana bakin hanyar da nake bi kullum. Na koma zagayawa ta bayan kasuwa, ta wajen mahauta, in taka ƙazanta in ƙara nisa, don dai kada ya ɗago kai daga keken ɗinkinsa ya gan ni. Safiyar Lahadi ina kwance a ɗaki nakan ji ƙararrawa, can kuma in jiyo kiɗan tulun Zumuntar Mata, in ja zane in rufe kaina. Addu'a ma ta gagare ni. Dawuda ya faɗi wannan hali a Zabura 32, cewa sa'ad da ya yi shiru da zunubinsa ƙasusuwansa suka lalace, ƙarfinsa ya ƙafe kamar a zafin bazara. Na karanta wurin sau da yawa a baya, amma a ɗakin nan na san abin da yake nufi.

Mu mutanen kunya ne, kuma ban ga laifin haka ba. Kunya ce take hana uwa kiran sunan ɗan farinta, ita take sa yaro ya rusuna in zai gaida babba, ita take sa suruki ya kasa cin abinci a gaban surukinsa. Wannan ado ce, Allah ya bar mana ita. Amma akwai wata kunyar da suka yi tarayya a suna kawai. Ita ba ta tsaya a kan cewa ka yi laifi ba, sai ta ce kai ɗin ne laifin, ka ƙazantu, babu sauran wurinka a cikin mutane, balle a gaban Allah. Lamiri yakan tura mai laifi zuwa wurin Uba ya nemi gafara. Wannan kunyar kuwa bayan kasuwa take tura shi.

Tsohuwar hanya ce. A Farawa 3, da idanun Adamu da Hauwa'u suka buɗe, abin da suka fara yi shi ne ɗinka ganyen ɓaure su rufe jikinsu, sa'an nan suka ɓuya a cikin itatuwa. Allah ya zo da tambaya: "Ina kake?" Ya san inda Adamu yake. Kira ne ya fito. Hukunci ya biyo baya, ba a ɗauke shi ba, amma ku duba aya ta 21: kafin a fitar da su daga gonar, Ubangiji da kansa ya yi musu tufafin fata ya suturta su. Kullum muna roƙo, Allah ya rufa mana asiri. To ga farkon rufin asiri a duniya, kuma an yi shi ne bayan sun fito daga maɓoya sun amsa.

Ni ba fasto ba ne ya zo nemana. Wata tsohuwa ce cikin Zumuntar Mata, mai sayar da daddawa, ba dangin iya ba na baba. Wata yamma ta yi sallama a ƙofar ɗakina da langar tuwo da miyar kuka. Na rasa inda zan sa kaina. Ta shimfiɗa tabarma da kanta ta zauna, ta ce, "Ɗana, ci tukuna." Ta jira har na gama, ba ta ce uffan ba. Sa'an nan ta ce, "Na san abin da ya faru. Kowa ya sani. Kai kaɗai ne kake tsammani a ɓoye kake."

Na ce, "Mama, ki bar ni in haɗa kuɗin tukuna. In na biya, sai in dawo da fuskata."

Ta dube ni ta ce, "Ka taɓa ganin marar lafiyan da ya ce bari ya warke sa'an nan ya tafi asibiti? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wurin zamanka yana nan, babu wanda ya zauna a kai."

Da ta tafi na kwana ina juya maganar, a daren nan kuma na gane abin da ban so in gane ba. Duk watannin nan ina tsammani tawali'u ne ya sa na janye, wai ban isa in shiga cikin masu tsarki ba. Ashe girman kai ne ya yafa zanen kunya. So nake in koma a matsayin wanda ya gyara ɓarnarsa da hannunsa, ba wanda aka yafe wa ba. Na fi son in rasa zumunci da Allah da a gan ni hannu wofi. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa na naɗa shi ina kwance a ɗaki da yunwa.

Ɗan nan na Luka 15 da ya bar gida ya ɓarnatar da gadonsa, shi ma da irin wannan shiri ya kamo hanyar gida. Ya tsara jawabinsa tun yana kiwon aladu: zai ce ya yi zunubi, bai isa a ƙara kiransa ɗa ba, a mai da shi ɗaya daga cikin 'yan ƙodago. Wato zai yi aiki ya ci guminsa. Ku gwada aya ta 19 da ta 21 ku gani, maganar ƙodagon ba ta fita daga bakinsa ba. Uban ya riga ya ce wa bayi su yi hanzari su kawo riga mafi kyau, da zobe, da takalma. Kafin wannan ma, tun yaron yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa a guje. Mu da muka san dattijo mun san nauyin wannan. Mai gida mai bayi da dukiya ba ya gudu a kan hanya mutane suna kallo. Ya tattare riga ya yi gudu, ya ɗauki kallon gari ya ɗora wa kansa, kafin a ɗora wa yaron.

Tun 1932 da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa muke karanta wannan labari da harshenmu, kalmar "alheri" kuma ba ta fita daga bakinmu a wa'azi da waƙa. Amma sau da yawa muna auna alherin Allah da mudun namu. Alherinmu yana da littafi. In an kawo miki biki ranar suna, kin san wata rana za ki mayar, har da ƙari. In ka kwashi adashi, ka san sauran zubi yana jiranka. Shi ya sa in muka ji Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba don kada kowa ya yi fahariya, sai zuciya ta fara lissafin yadda za ta mayar. Ba ka da abin mayarwa, ɗan'uwana. Karɓa kawai ake yi, da hannu biyu, a durƙushe. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle Mahaliccinka.

Kada wani ya ji wannan ya ce to shi ke nan, an shafe bashi. Washegarin zuwan tsohuwar nan na bi ta gaban shagon tela. Na durƙusa na ce, "Baba, na ci amana." Ya tsayar da keke, ya cire tabarau, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Tashi ka zauna a benci, ɗana. Na daɗe ina ganin ƙeyarka." Na tsaya gaban dattawa na faɗi komai. Aka sa ni a horo, na yi watanni ban ci Jibin Ubangiji ba, na kuma biya kuɗin kaɗan-kaɗan har na gama. Zakka mai karɓar haraji na Luka 19 ma da ceto ya shiga gidansa ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki 4. Amma ku lura da jerin abin: Yesu ya riga ya kira shi daga kan itace, ya riga ya ce a gidansa zai sauka. Ni ma ina biya ne a matsayin ɗan gida. Nauyin kuɗin bai ragu ba ko da kwabo, amma na koma ina barci.

A nan ina da magana da mu da muke zaune a gaba. Horon ikkilisiya yana da tushe a Maganar Allah, ban yi jayayya da shi ba, ya kuma yi mini amfani. Amma don maidowa aka yi shi. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa game da wanda aka hora cewa horon ya isa haka, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi (2 Korintiyawa 2:6-8). A Galatiyawa 6:1 ya ce a maido da wanda ya faɗi da ruhun tawali'u, kowa yana lura da kansa. Mu kuwa sau nawa wa'adin horo yake ƙarewa a littafin ikkilisiya amma bai ƙare a idanunmu ba? Yarinya ta yi ciki, ta zauna a bencin baya ita kaɗai, wanda ya yi mata yana yawonsa. Shekara da shekaru bayan haka, in an ambaci sunanta sai an haɗa da labarin. Wannan yana ƙona mini rai. Waɗanda suka jawo mace gaban Yesu a Yohanna 8 sun ce a cikin aikin aka kama ta, amma ita kaɗai suka kawo, alhali Shari'ar da suke taƙama da ita ta ambaci namiji da mace duka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bafarisiyen Luka 18 yana azumi sau 2 a mako, yana fitar da zakar duk abin da ya samu, bai yi ƙarya ba a lissafinsa. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce.

In kuma kunyar da kake ɗauke da ita ba ta laifinka ba ce, wani ne ya cuce ka, ko talauci ne, ko rashin haihuwa, ko ciwon da ba a faɗa, to ka dubi gicciye da kyau. Romawa sun shirya wannan kisa ne don wulaƙanci, a fili, inda masu wucewa za su gani. Sojoji suka tuɓe Yesu, suka kasa tufafinsa kashi 4, suka jefa ƙuri'a a kan rigarsa. Aka rubuta laifinsa da harsuna 3 don kada wani ya wuce bai karanta ba. Allahn da ya suturta Adamu ya yarda aka tuɓe Ɗansa a bainar jama'a. Ibraniyawa 12:2 ta ce ya jure gicciye, bai mai da kunyarsa komai ba. A sura ta 2 ta wannan wasiƙa kuma an ce ba ya jin kunyar kiranmu 'yan'uwa. Ya san abin da yake cikin buhunanka duka, bai kuma ji kunyarka ba.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3 yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin Tekun Tibariya, da suka fito daga jirgi sai suka tarar da wata wutar gawayin, da kifi a kai, da gurasa. Yesu ya ce su zo su karya kumallo. Sai da suka ci ya juya ga Bitrus ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai in tuna langar tuwon nan, da muryar da ta ce, "Ɗana, ci tukuna."

Maman nan ta riga mu gidan gaskiya. Ban taɓa iya biyanta ba, ba ta kuma nema ba. Akwai wani yaro a unguwarmu da na yi makonni ban gani a sujada ba, jiya kuma na hango shi ya karkata ta wani lungu da ya gan ni tafe. Na roƙi uwargida ta ƙara tuwon dare. In Allah ya kai mu yamma, zan je in yi sallama a ƙofarsa.