Ku daina korar ƙannenmu daga gasar eFootball

Jiya da daddare wani abu ya faru a gidan gem ɗin unguwarmu da har yanzu yake ci min rai. Mun haɗa 'yar gasar eFootball, wato gem ɗin ƙwallon ƙafa, mutum 16, kowa ya ajiye ɗari biyar, sai ga wani yaro da bai wuce shekara 15 ba, kullum ina ganinsa a bakin shagon mai caji yana buga wasan a wata tsohuwar Tecno da gilashinta ya tsattsage, ya zo a ɗarare ya ce yaya don Allah a sa sunana. Aka sa shi, ƙuri'a ta haɗa shi da ɗaya daga cikin manyanmu. Yaron nan a waya ya saba, daga yadda ya riƙe pad ɗin da ake buga gem da shi ma za ka gane hannunsa bai san shi ba. Kafin hutun rabin lokaci an zura masa biyar. Ni ba cin ne ya dame ni ba, waye ba a taɓa ci ba? Ihun da aka dinga yi masa ne, wannan ya ce bot ne, wato kamar inji yake bugawa, wancan ya ce je ka buga da kwamfuta tukuna, har da mai ɗaukar bidiyo wai zai ɗora a status. Ya ajiye pad a hankali, ya zura silifas ɗinsa ya fita, bai ko waiwayo ba.

Da na yi magana a group sai aka taso min, wai gasa ba makaranta ba ce, wanda bai iya ba ya zauna a gida. Na san abin da ke damunku kuma ban ce duk ƙarya ba ne. Man janareto da tsada, lokaci kaɗan ne, wasan da aka tashi 8 da nema ba mai jin daɗin kallonsa. Kuma tun da Konami, kamfanin da ke yin wasan, ta kawo Smart Assist ɗin nan da ke taimaka wa sabon hannu wajen bugu da fasin, waɗanda suka shekara goma suna gogewa suna ganin an raina wahalarsu, ni ma wallahi ba na son a kunna shi a wasan kuɗi. To amma laifin yaron ne?

Mu tuna yadda muka koya mana. Zamanin da ake kiran wasan PES, muna bugawa a PS2, wanda aka ci ya tashi, sai ka yini a tsaye kana jiran layi, in ka samu minti biyar an lallasa ka, amma akwai wani babban yaya da zai ce zo nan, ba haka ake tare ɗan wasa ba, daina danna gudu kowane lokaci. Yau mu ne a wannan matsayin, kuma yaran sun ninka mu yawa, don tun 2021 da aka mayar da PES ta zama eFootball aka sake ta kyauta, duk mai waya da ɗan data ya shigo. A Disambar 2024 an yi gasar duniya ta FIFAe, wato ta gem da FIFA ke shiryawa, a Riyadh, har da ɓangaren waya, ɗan Malesiya ne ya ɗauki kofin waya, Indonesiya ta ɗauki na console, wato na masu bugawa da pad. Wayar da muke rainawa a nan ita wasu ke wakiltar ƙasarsu da ita.

Shi kansa wasan ai matakai gare shi, daga division 10 kake hawa har zuwa 1, sai mu ne za mu kwashi kowa mu zuba a tukunya ɗaya sannan mu yi dariyar wanda ya ƙone. Abin da nake roƙo ba wuya: a raba gasar gida biyu, manya daban, sababbin hannu daban da kuɗin shiga kaɗan, 'yan waya su ma a buɗe musu nasu. A fara da rukuni yadda kowa zai buga akalla wasa uku kafin a cire shi, biyun da suka fi ƙoƙari cikin sababbin hannu su hau wajen manya a zagaye na gaba. Wanda kuma ya ɗauki bidiyon yaro don ya tozarta shi, a dakatar da shi ko da shi ne gwanin gwanaye, a nan kam ba na sassauci.

Ku duba sunayen da ke shiga gasarmu, shekara uku kenan fuskokin nan ne dai, wasu sun yi aure, wasu kasuwa ta ɗauke su, jiya ma da ƙyar muka cike 16 ɗin.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je shagon mai cajin in nemo yaron, zan mayar masa da ɗari biyar ɗinsa daga aljihuna, in biya mana awa ɗaya mu zauna in nuna masa pad. Mai son ya zo ya taya ni, ƙarfe huɗu bayan la'asar.