Ku daina cewa jahilci ne ke sa iyaye gudu da yara masu sankara daga asibiti

Tun shekaranjiya wani bidiyo ke yawo a WhatsApp, na wani yaro da muƙamuƙinshi ya kumbura har ido ɗaya ya rufe, wai an fara mashi allurar kemo, wato maganin sankara, sai uban ya tattara shi suka koma ƙauye ba sallama. Na san da yawanku kun gani. Ni ba bidiyon ne ya ɓata mani rai ba, irinshi mun gani ba adadi, abin da ya hana ni barci shi ne maganganun da mutanenmu masu takardu suka riƙa zubawa a ƙasa. Wannan ya ce jahilci, wancan ya ce ai mutanen ƙauye sai a hankali, har wani da ke sa "Dr" gaban sunanshi ya ce a kama uban a ɗaure. Haba jama'a. Mutumin da ya ɗauko ɗanshi tun daga ƙauye ya kawo shi gaban likita, ya yanki kati, ya yarda aka ɗebi jini aka yanki tsoka aka kai gwaji, shi ne yau bai san amfanin asibiti ba? In jahilci ne ai da tun farko bai taka ƙofar ba.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Shekarun baya wani ɗan uwanmu daga wajen Mai'aduwa ya sauka zaurenmu nan Katsina da yaronshi ɗan shekara bakwai. Da farko an ce hangum ne, aka ce haƙori ne, aka je kemis, wanzami ma ya sa hannu, sai da wata biyu suka wuce kafin a ce masu ai wannan daji ne. Ina tuna wata baƙar leda da yake ƙullewa cikin aljihun riga, katin asibiti ne da takardun gwaji da rasit-rasit, duk sun yi laushi saboda zufa, kullum da daddare sai ya baza su kan tabarma ya ce in karanta mashi nawa ya rage. Uwar yaron tana can tana kwana a baranda, ta bar ƙanana uku wurin kishiya. Ya sayar da tumaki biyu, ya sayar da buhun geron da suka ajiye na ci, ya jinginar da gefen gona. Bayan allura ta biyu kumburin ya saɓe kamar an yi ruwa an ɗauke, yaro ya tashi yana neman tuwo, kuma a satin ne ruwan shuka ya sauka. Na ce mashi Yaya, likita fa ya ce da saura. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, in na zauna nan wa zai shuka wa sauran abin da za su ci?" Ban iya ba shi amsa ba, kuma har yau ban ga mai sharhin Facebook da zai iya ba. Da kaka suka dawo, abin ya ninka na da. Allah ya jiƙan yaron.

Irin ciwon da ya kama shi shi ne wanda likitoci ke kira Burkitt, sunan wani likita ne da ya fara bayaninshi a Yuganda a 1958, kuma ya fi yawa a irin ƙasashenmu da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa katutu. Yana da saurin girma fiye da kusan kowace sankara, amma kuma yana jin magani sosai, kuma nan tarkon yake, don yana narkewa a ido tun kafin ya mutu a jiki. Uban da aljihunshi ya riga ya huje, ya ga kumburi ya tafi, me kake so ya yi tunani? Wannan ma mai gajeren zango kenan, 'yan watanni ne. Sankarar jini da ta fi kama yara ana shafe shekara biyu ko fiye ana zarya, ga ƙarin jini leda-leda, ga gwaji kafin kowace allura, ga zazzaɓin da ke tasowa tsakiyar dare wanda dole a ruga asibiti. Ka ɗora wannan kan manomi a Ɓaure ko Zango, ko wanda ke Batsari da Jibiya da hanyar ma sai an yi addu'a kafin a hau ta, bayan kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ma'aikacin da ke ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ma ba zai kai labari ba, balle wanda albashinshi ke zuwa sau ɗaya a shekara cikin buhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara wajen dubu 400 ne ke kamuwa da sankara a duniya. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a da yawa daga cikin irin namu kuwa ba ya kai kashi 30. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, wasu magungunan ma tsofaffi ne da aka daɗe da sani kuma ba su ne masu tsadar tsiya ba. Cikin dalilan da hukumar kanta ke lissafawa akwai makara wajen gano ciwo da yanke magani a tsakiya. Shi ya sa a 2018 ta kafa shiri na ganin an kai kashi 60 kafin 2030, kuma yanzu 2030 ɗin ta kusa leƙo mu.

Eh na sani, akwai masu cewa sammu ne ko jifa su nufi wurin boka, kuma masu taron wayar da kai za su ce a ƙara buga fosta da riguna ranar 15 ga Fabrairu, wato ranar yara masu sankara ta duniya, to a buga, amma fosta ba ta taɓa biyan kuɗin mota daga Daura zuwa Katsina ba. Su kuma masu sadakar kyamara, waɗanda sai an kware wa yaro riga an haska kumburinshi duniya ta gani sannan mai girma zai aiko da ambulan a ɗauki hoto, su ma ba su fi ba. Ambulan ɗin kan kai allura biyu ko uku, hayaniya ta lafa, a koma kan wani bidiyon, shi kuma yaron ya koma inda ya fito. Wanda bai da mai ɗaukar mashi bidiyo kuwa, shi ko ambulan ɗin bai gani.

Ba na raina abin da aka yi. Cibiyar kula da masu sankara da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina a 2025 abin a yaba ne, don a da in aka ce a gasa ciwon da inji sai mutum ya kama hanyar Zariya ko Sakkwato. Amma mu a ƙasar nan mun fi son abin da ake yanka wa kirtani. Inji yana da hoto, kuɗin motar mai jinya ba shi da hoto. Ku duba ma asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsara mai kama maza aka fara, duk na manya. Yara ba su yin zaɓe, iyayensu kuma ba su iya rubuta takardar koke da Turanci. A waje kuma, asibitin yara na St. Jude da ke Amurka ya ware dala miliyan 200 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya don a riƙa kai maganin sankarar yara kyauta ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, an fara rabo a farkon 2025, cikin ƙasashe shida na farko akwai Zambiya. Madalla. Sai dai ko gobe aka sauke mana maganin kyauta a ƙofar Ƙaura, ɗan uwan nan nawa da sai ya tafi shukar nan, don ba kuɗin allura kaɗai ya kore shi ba.

Abin da nake ta faɗa kullum har abokai na ce na cika naci shi ne, a yi jinyar gidan gaba ɗaya. Ɗaki kusa da asibiti da uwa za ta kwanta ta dafa ɗan abinci, kuɗin mota zuwa da komawa a hannu ranar da aka sallame su, da mutum ɗaya mai waya wanda aikinshi kawai in ranar allura ta yi ba a ga yaro ba ya kira, in ba a ɗauka ba ya nemi mai unguwar garin. Nawa wannan zai ci in aka kwatanta da kuɗin inji guda? Muna da hukumar zakka, muna da attajiran da ke zuwa Umara duk azumi, muna da masu gidajen haya da ke kulle a cikin gari. Mutum ɗaya ya yi waƙafin gida mai ɗaki goma ma an rage wani abu. Ita kuma hukumar inshorar lafiya ta jiha ta fito ta faɗa mana ƙarara ko yaro mai sankara yana cikin lissafinta.

Shi kuma mai cewa a ɗaure uban yaron cikin bidiyo, ina da tambaya ɗaya gare shi, in an ɗaure shi wa zai kawo yaron allura ta uku?