Libarba mai ruwan nikel: abin da masu tara ta suke gani

Jama'a na san da an ce bindiga a wannan lokacin da muke ciki gaban mutum faɗuwa yake, kuma da gaskiyarsa, don haka tun kafin wani ya hau ni da faɗa bari in faɗi inda na dosa. Maganar tsofaffin libarba zan yi, ƙaramar bindigar nan mai silinda da ke juyawa, musamman waɗanda aka yi wa ruwan nikel, wani farin ƙarfe mai sheƙi, suna ɗaukar ido, da mutanen Amurka da suke kashe maƙudan kuɗi suna tara su suna jerawa a cikin gilashi. Na daɗe ina bin hotunan gwanjonsu da na gidajen tarihinsu a intanet, kuma ni dai ra'ayina shi ne duk wanda ya ce ƙyalli ne kawai ke jan mutanen nan to bai tsaya ya duba da kyau ba.

Asalin abin ma ba ado ya kawo shi ba, larura ce. Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa a Amurka a 1836, kuma duk bindigogin wancan zamanin baƙin albarushi suke ci, shi kuwa baƙin albarushi in an harba yana barin dauɗa mai jan laima, ka bar ta kwana biyu ba ka goge ba sai tsatsa ta fara cin ƙarfen. Ga gumin jiki, ga kuben fata da shi ma yake riƙe danshi, ga mutum yana kan doki rana da ruwan sama duk a kansa. Turin baƙi-baƙi mai shuɗi da aka saba yi wa ƙarfen bindiga yana da kyau amma ba ya jure wannan wahalar sosai. To a 1869 wani mutumin Boston mai suna Isaac Adams ya yi rajistar hanyar shafa wa ƙarfe nikel da wutar lantarki yadda za a iya yi da yawa a masana'anta, ba a jima ba kamfanonin bindiga suka rungumi abin. Kamfanin Colt na garin Hartford ya fito da libarbar Single Action Army a 1873, ta sojoji ana yi mata turin nan mai duhu, amma farar hula da yawa mai nikel suke nema, haka ma Smith & Wesson na Springfield da Model 3 ɗinsu.

Akwai wata wasiƙa da masu wannan harkar ba sa gajiya da ambatonta, ta Bat Masterson, wanda ya yi aikin tsaro a Dodge City ta jihar Kansas. A 1885 ya rubuta wa Colt a kan takardar wata mashaya yana neman a ƙera masa libarba .45 (lambar faɗin harsashinta ke nan) mai nikel, ya ce a sassauta masa kunamar, a ƙara wa saitin gaba tsayi da kauri, kuma zai biya ƙarin kuɗin aikin. Wannan fa mutum ne da rayuwarsa ta rataya a kan bindigar, ba ɗan gayu ba ne mai neman a kalle shi a kasuwa, shi ya sa nake cewa masu kallon nikel a matsayin kayan burga kawai sun yi wa abin gurguwar fahimta.

Wani abin da ya fi ba ni sha'awa ma shi ne ba ta masu kuɗi ba ce kaɗai. Kamfanoni irin su Iver Johnson da Harrington & Richardson sun cika Amurka da ƙananan libarba na aljihu masu araha a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a wajensu nikel shi ne na gama-gari, in kana son mai duhu sai ka ƙara kuɗi. Mai shago yana da ita a durowa, matafiyi a aljihun kwat. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan, .32 ta Iver Johnson, da ita aka harbi shugaban Amurka William McKinley a Buffalo a 1901, ka ga ke nan tarihin abin ba duka ne mai daɗin ji ba, kuma mai tarawa na gaskiya ya san haka ba ya ɓoyewa.

Yanzu ga inda nake ganin sirrin yake. Nikel ba ya iya rufa wa bindiga asiri. Turi mai duhu a hankali yake koɗewa har ya zama ruwan ƙasa ba ka ankara ba, shi kuwa nikel fata ce aka shimfiɗa a kan ƙarfe, in ya samu ƙwarzane sai danshi ya shiga ta ƙarƙashi ya fara ɓamɓarewa, wani wurin ya yi hazo-hazo kamar an shafa madara, bakin bindigar da gefen silinda inda kube ke gogawa su ne ke fara nunawa. Saboda haka in ka ga libarba ta shekara 100 da ɗoriya nikel ɗinta na asali yana nan kusan duka, to ka san an yi hannu bayan hannu ana tattalinta, kakan ya kula, ɗan ya kula, jikan bai yi wasa da ita ba. In kuma ta sha wuya, duk inda ta sha a rubuce yake a jikinta. Wannan shaidar ce mutanen nan suke biya wa kuɗi.

Shi ya sa babban abin da suke gudu shi ne wadda aka sake wa ruwa. Ku tambayi dillalan mota na nan gida bambancin fes bodi da wadda aka sake wa fenti, to haka abin yake, ko da sabon aikin ya fi na da sheƙi farashi faɗuwa yake warwas. Kuma suna da ido wallahi. Kafin a sake shafa nikel dole a goge ƙarfen da inji, gugar nan kuwa tana cin rubutun kamfani ya yi dishi-dishi, kusurwoyin da ya kamata su yi kaifi sai su yi sulɓi, bakin ramukan noti ya ɗan lotsa. A na Smith & Wesson akwai wata alama da kowa a cikinsu ya sani, kamfanin ba ya shafa nikel a kan kunama da hamar da ke dukan harsashi, yana barin su da launinsu na ƙarfen da aka gasa, to da ka ga kunama tana ƙyalli fari fat ka san wani maƙeri ne ya taɓa ta daga baya. Da yawansu kuma za ka samu an buga harafin N a jikin ƙarfen ƙarƙashin mariƙi ko a bayan silinda. In duk wannan bai gamsar da mutum ba sai ya biya kuɗi a duba masa kundin kamfani, Colt na da ofishin da ke wannan aikin, a Smith & Wesson kuma Roy Jinks, masanin tarihin kamfanin, ya shafe shekaru masu yawa yana rubuta wa masu tambaya wasiƙun shaida, a gaya maka ranar da bindigar ta bar masana'anta, wane shago aka aika wa, da wane launi ta fita. Ni wannan adana bayanan shi ya fi burge ni a duk harkar, a ce an sayar da abu tun zamanin kakannin kakanni amma har yau da lambar jikinsa za a zaƙulo maka labarinsa.

Sai kuma na alfarma waɗanda aka yi wa zane, aikin gwanaye irin su Gustave Young da L. D. Nimschke da Cuno Helfricht, a sassaƙa furanni da ganyaye a jikin ƙarfe da hannu sannan a bi da nikel a saka mariƙin hauren giwa. Zanen ya fi fitowa ras a kan farin ƙarfe, duk wanda ya san wahalar aikin hannu in ya ga wannan sai ya jinjina.

To malam, wani zai ce duk wannan bayanin ai abin kisa ne dai. Haka ne, ban musa ba, kuma ba ina kwaɗaita wa kowa ya je ya nemo ba. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta saka libarba da fistol cikin haramtattun makamai, kuma da halin da Arewa ke ciki ni ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari. Amurka tsarinsu daban ne, a dokarsu ta tarayya ta 1968 bindigar da aka ƙera daga 1898 zuwa baya kayan tarihi ce. Abin da nake karewa shi ne kallon tsohon makami a matsayin shaidar zamaninsa da gwanintar wanda ya ƙera shi, kuma wanda yake son gani akwai Cody Firearms Museum a jihar Wyoming, akwai Royal Armouries a garin Leeds na Ingila, hotunansu suna nan a intanet kyauta.

Abin da ya ƙara musu daraja kuma shi ne zamaninsu ya wuce. A 1965 Smith & Wesson ya fito da Model 60 wadda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa gaba ɗayanta, fari ne shi ma, ba ya ɓamɓarewa, ba ruwansa da gumi, daga nan kasuwar nikel ta fara ja da baya. Ko Colt Python da ta fito a 1955, wadda masu nikel ɗinta ake rububi a gwanjo yanzu, da kamfanin ya dawo da ita a 2020 da wancan ƙarfen ya ƙera ta. Tsofaffin masu nikel da suka rage kuma kullum raguwa suke, don wani zai gaji ta kakansa ya ɗauko maganin wanke bindiga mai ammoniya ya jiƙa ta da niyyar gyara, in akwai shimfiɗar jan ƙarfe a ƙarƙashin nikel ɗin sai maganin ya bi ta ƙwarzane ya cinye shi, nikel ɗin ya tashi ɓawo-ɓawo. Wani kuma man goge ƙarfe zai samu ya yi ta dirza har sai baƙin ƙarfen ya leƙo. Masu tarawa tsumma mai laushi kawai suke sa mata da ɗan kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, ba sa barin ta cikin kuben fata, kuma in za su ɗauka sai sun sa safar hannu.